Shin manhajar sa ido za ta hana satar amsa idan ɗalibi ya rubuta jarrabawa daga gida?

Malam_Jekadafari

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa malamai da ɗalibai. Ina koyarwa a wata babbar makaranta a nan Gombe, a sashen da ke kula da ma'aikatan da ke ƙaro karatu a ƙarshen mako, kuma yawancin ɗalibanmu malaman firamare ne da ma'aikatan lafiya da ke zuwa daga Dukku da Nafada da Bajoga da Deba da Kaltungo. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zame musu nauyi, har ta kai wasu suna raɓewa a gidajen 'yan'uwa duk tsawon makon jarrabawa, domin ba za su iya jeka-ka-dawo kullum ba. Saboda haka hukumar makaranta ta kafa kwamiti, wanda nake cikinsa, domin ya duba yiwuwar ɗalibi ya rubuta jarrabawa ta intanet daga gidansa, a kuma sa manhajar sa ido ta tsare shi a madadin malamin da ke zagaya aji.

An nuna mana yadda irin wannan manhaja ke aiki, kuma abin ya burge wasu daga cikinmu, amma ni hankalina bai kwanta ba. Tambayata ita ce, shin da gaske wannan na'ura tana hana satar amsa, ko kuwa za mu zuba kuɗin makaranta ne a kan abin da ba zai biya buƙata ba? Ina roƙon duk wanda ya taɓa rubuta jarrabawa ko ya gudanar da ita ta wannan hanya ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa, domin mako uku aka ba mu mu miƙa rahoto.

Injiniya_Bolari

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a yi nisa, ya kamata kwamitinku ya san cewa abubuwa uku ne daban-daban ake haɗawa a kira su da suna ɗaya, kuma kowanne da aikinsa da iyakarsa. Akwai manhajar da ke kulle kwamfuta, wato da zarar ɗalibi ya buɗe jarrabawa ba zai iya buɗe wani shafi ba, ba zai iya kwafar rubutu ko ɗaukar hoton allo ba, har sai ya gama. Respondus LockDown Browser irin wannan ce, haka kuma Safe Exam Browser, wadda jami'ar ETH da ke Zurich a ƙasar Suwizalan ke kula da ita, kuma kyauta ce, tana kuma aiki tare da Moodle, manhajar da makarantu ke ɗora darussa da jarrabawa a kanta ta intanet. Sai kuma wadda ke kunna kyamara da makirfo ta naɗi hoton ɗalibi da sautin ɗakinsa da abin da ke kan allonsa, sa'annan ta sa alama a duk wurin da ta ga abin da ba ta yarda da shi ba, kamar ɗalibi ya kau da kai, ko fuskarsa ta ɓace, ko wata fuska ta shigo, ko a ji murya. Proctorio na cikin wannan rukuni. Ta ukun ita ce wadda mutum ne da kansa yake zaune a wani wuri yana kallon ɗalibai ta kyamara, kuma ita ta fi tsada domin albashin mutum ake biya.

Abin da nake so a riƙe shi ne, alamar da manhaja ta sa ba hukunci ba ce. Na'urar ba ta san satar amsa ba, motsi da sauti kawai ta sani. Dole ne a samu malamin da zai zauna ya kalli hoton, ya rarrabe wanda ya duba takardar da ya ɓoye daga wanda ya ɗaga kai sama yana tunani. Idan kuna da ɗalibai 400 kuma kowanne ya yi jarrabawar awa biyu, to ku lissafa yawan hoton da zai taru, ku kuma tambayi kanku wa zai kalle shi.

Ummu_Hanifa

Malam, ni na rubuta irin wannan jarrabawa sau biyu a wani kwas na ma'aikatan jinya da na yi da wata cibiya ta ƙasar waje, kuma daga ɗakina a Tumfure na rubuta. A karo na biyu ina tsakiyar amsa tambayoyi aka kira sallar la'asar a masallacin da ke jikin katangarmu, bayan haka kuma ƙaramar 'yata ta buga ƙofa tana kuka. Ban tashi ba, ban ma amsa mata ba, amma bayan kwana huɗu aka aiko mini da saƙo cewa an riƙe sakamakona domin an ji muryoyi a ɗakin. Sai da na yi wata guda ina rubuta bayani kafin a sake shi. Ban manta ƙuncin da na shiga a wannan watan ba, domin zargin ha'inci abu ne mai nauyi a kan wanda bai aikata ba.

Dan_Kashere

Da izinin iyayenmu malamai, zan yi magana a matsayina na ɗalibi. Manhajar da ke kulle kwamfuta ba ta kulle wayar da ke aljihu, kuma kyamarar kwamfuta fuska da kafaɗa kawai take gani. Duk abin da ke ƙasa da tebur ko bayan allo ya ɓace mata. Tun da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambayoyi a rubuce, ya fito a watan Nuwamban 2022, ɗalibi ba ya buƙatar ya nemi wanda ya fi shi ƙoƙari ya zauna kusa da shi, domin waya ɗaya ta wadatar. A ra'ayina wanda ya ƙudurta sata zai yi ta, wanda kuma na'urar za ta kama shi ne mai gaskiyar da bai san yadda ake zama a gaban kyamara ba, kamar yadda ya faru da Anti Ummu Hanifa.

Baba_Tsohon_Firinsifal

Ɗana na Kashere, ka faɗi gaskiya a wani ɓangare, amma ka da ƙuruciya ta sa ka raina abin da na'ura ta yi wa jarrabawa a ƙasar nan. Na yi shekaru masu yawa ina kula da jarrabawa a makarantun sakandare tun lokacin da Gombe ke cikin jihar Bauchi, kafin a ƙirƙiro jihar a 1996, kuma na ga zamanin da ake rubuta JAMB da fensir a takarda. Na ga takardun tambayoyi suna yawo a gari kafin ranar jarrabawa, na ga ana jefo amsa ta taga, na ga ƙato mai gemu ya zo yana sojan gona da sunan yaro ɗan shekara goma sha bakwai. Da hukumar ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta kuma mayar da ita gaba ɗaya a 2015, aka haɗa da ɗaukar zanen yatsa da kyamarori a cibiyoyi, daga baya kuma a 2021 aka wajabta lambar NIN, duk wanda ya san yadda abin yake a da ya san an samu sauƙi. Ban ce an kawar da maguɗi ba, amma an sa shi ya yi wuya ya kuma yi tsada, kuma hakan ma nasara ce. Saboda haka ni ina goyon bayan kwamitin Malam ya gwada.

Injiniya_Bolari

Baba, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa a kan JAMB haka yake, sai dai ina neman afuwa in rarrabe abu biyu. Jarrabawar JAMB ta kwamfuta ce, amma ba daga gida ake rubuta ta ba. Yaro yana zuwa cibiyar da hukuma ta tantance, a duba yatsansa a ƙofa, a raba shi da waya, ya zauna a gaban kwamfutar da ba tasa ba, masu sa ido kuma suna tsaye a kansa. Haka ma Jami'ar Karatu daga Gida ta Ƙasa, wato NOUN, duk da sunanta, ta daɗe tana tara ɗalibanta a cibiyoyinta idan lokacin jarrabawar ƙarshen zango ya yi, kuma tana da cibiya a Gombe da Bauchi. Abin da Malam ke tambaya shi ne a cire ɗakin jarrabawar da mai gadin gaba ɗaya a bar kyamara ita kaɗai, kuma nasarar JAMB ba ta zama hujja a kan wannan ba.

Baba_Tsohon_Firinsifal

Na karɓi gyara, Injiniya. Na ɗauka duk tafiyar ɗaya ce.

Malama_Kumo

Akwai abin da ban ga kowa ya taɓo ba, kuma a wurina ya fi maganar waya da kwamfuta muhimmanci. Yawancin waɗannan manhajoji suna buƙatar ɗalibi ya ɗaga kwamfutarsa ya zagaya da kyamara cikin ɗakin kafin ya fara, domin a tabbatar babu kowa kuma babu littafi. Malam, ka ce ɗalibanku malaman firamare ne da ma'aikatan lafiya, wato da yawansu matan aure ne. Wane ɗaki ne matar aure a Kumo ko Deba take da shi wanda za ta rufe ƙofa ta zauna awa biyu babu mai shigowa, in ban da ɗakin kwananta? Ashe kenan za a naɗi hoton gadonta da kayan ɗakinta a ajiye a wata na'ura da ba ta san inda take ba, wani namiji da ba ta sani ba kuma ya zauna yana kallo. Na san magidanta da dama da suka amince matansu su koma karatu bayan dogon lallashi, kuma wannan sharaɗi kaɗai ya isa ya sa su janye izinin.

Ga kuma mai sanya niƙabi. A ɗakin jarrabawa mace ce ke jan ta gefe ta duba fuskarta ta gwada da katin shaida, magana ta ƙare a nan. A gaban kyamara kuwa dole ta bar fuskarta a buɗe daga farko har ƙarshe, a kuma adana hoton. Idan an ce an kawo tsarin ne domin a sauƙaƙa wa na nesa, to bai kamata ya zama sanadin da mata za su ajiye karatun ba.

Barista_Wunti

Malama ta kawo mu inda doka ke da abin cewa, kuma ina ba kwamitin shawara ya nemi lauyan makaranta kafin a sa hannu a kowace yarjejeniya. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta sanya bayanan halittar mutum da ake gane shi da su, kamar zanen yatsa da siffar fuska, cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman. Ta kuma gindaya sharuɗɗa a kan fitar da bayanan mutane zuwa ƙasashen waje, kuma galibin kamfanonin da ke wannan sana'a a waje suke. Wani abin da ya shafi maganar Injiniya kai tsaye shi ne, dokar ta ba mutum haƙƙin ka da a yanke masa hukunci mai nauyi bisa abin da na'ura ita kaɗai ta ƙaddara. Don haka makarantar da ta soke sakamakon ɗalibi saboda alamar manhaja, ba tare da wani ya duba ba kuma ba tare da an saurari ɗalibin ba, ta jawo wa kanta shari'a.

Batun zagaya ɗaki da kyamara kuwa ya taɓa zuwa kotu a Amurka. A watan Agustan 2022 wani alƙalin kotun tarayya a jihar Ohio ya yanke cewa wata jami'ar gwamnati da ke birnin Cleveland ta keta haƙƙin ɗalibinta da ta sa ya nuna ɗakin kwanansa kafin jarrabawa. Wannan hukunci ba ya aiki a kotunanmu, amma sashe na 37 na kundin tsarin mulkinmu na 1999 shi ma ya kare sirrin ɗan ƙasa da na gidansa. Domin adalci sai in ƙara da cewa a 2020 wata kotu a birnin Amsterdam ta amince wa jami'ar birnin ta yi amfani da Proctorio a lokacin kullen korona, bisa la'akari da cewa a lokacin babu halin tara ɗalibai a aji. Mu kuwa a yau muna da halin tara su.

Sani_Mai_Gyaran_Kwamfuta

Ni sana'ata gyaran waya da kwamfuta ce a cikin garin Gombe, kuma ɗalibai ne rabin masu kawo mini aiki. Malam, kafin a yi maganar sata, a tambayi ɗaliban nan mutum nawa ne ke da kwamfutar kansa mai kyamara mai aiki da batir mai riƙe caji awa biyu. Abin da na sani shi ne yawancinsu wayar Android ce kawai a hannunsu, kuma Safe Exam Browser da Injiniya ya ambata ba ta da nau'in Android, sai Windows da na'urorin Apple. Waɗanda ke da kwamfuta kuma mafi yawa ta hannu ce, batirin ya gaji, da an ɗauke wuta sai ta mutu nan take. Ba mu manta da watan Afrilun 2024 ba, lokacin da aka lalata turakun babban layin wuta na Jos zuwa Gombe muka shafe makonni a duhu. Naɗar hoto awa biyu ana tura shi kai tsaye kuma yana cin data, yana buƙatar sabis da ba ya yankewa, wanda ko a cikin gari ba kullum ake samu ba, balle a ƙauyukan Nafada.

Injiniya_Bolari

Malam Sani ya yi gaskiya, kuma akwai ƙarin bayani a kan yankewar sabis. A Moodle agogon jarrabawa yana tafiya ne a babbar na'urar makaranta, saboda haka idan sabis ya yanke wa ɗalibi minti ashirin, lokacinsa yana ci gaba da ƙarewa, ko da yake amsoshin da ya riga ya zaɓa ana adana su lokaci-lokaci. Matsalar ita ce makaranta ba ta da hanyar da za ta tabbatar ko sabis ne ya yanke da gaske, ko ɗalibin ne ya kashe data domin ya duba littafi ya dawo. Idan ta yarda da kowa, ta buɗe ƙofa. Idan ta ƙi yarda da kowa, ta zalunci na ƙauye.

Dakta_Yelwa

Ina koyarwa a wata jami'a a Bauchi, kuma mun gwada gwaje-gwajen tsakiyar zango ta intanet bayan an dawo daga kullen 2020. Abin da na koya shi ne, ba a nan gizo ke saƙar ba. Muna ta neman na'urar da za ta tsare ɗalibi, alhali tambayoyin da muke yi ne suka sa sata ta zama mai sauƙi kuma mai riba. Idan tambayata ita ce ɗalibi ya kawo ma'anar wani abu ko ya jero abubuwa biyar da ke shafi na goma na takardar da na raba, to duk mai waya ya gama cikin daƙiƙa kaɗan. Da na sauya salo sai na tara tambayoyi masu yawa a rumbu, na sa na'ura ta zaɓo wa kowa nasa ta kuma cakuɗa jerin amsoshin, na taƙaita lokaci gwargwadon abin da mai karatu ke buƙata, kuma a tambayoyin lissafi na sa alƙaluman kowane ɗalibi su bambanta da na ɗan'uwansa. Wannan ya rage aika wa juna amsa ta WhatsApp ƙwarai, kuma ban kashe ko sisi ba.

Sai dai ba zan ɓoye ba, ƙirƙirarriyar basira ta rage ƙarfin wannan dabara, domin ita tana amsa tambayar da ba a taɓa gani ba. Abin da ya rage mini wanda har yanzu yake aiki shi ne tambayar baka. Nakan kira ɗalibi in ba shi minti biyar ya bayyana mini dalilin amsar da ya rubuta, kuma wanda wani ya yi wa aiki ba ya wuce tambaya ta biyu. Ɗaliban Malam ma'aikata ne, don haka yana da damar da ni ba ni da ita. Yana iya tambayar malamin firamare ya tsara darasi ga ajin da yake koyarwa a makarantarsa, da yawan yaran da kayan aikin da yake da su, sa'annan ya kare tsarin da bakinsa.

Malama_Kumo

Dakta, tambayar baka tana da kyau ga aji mai mutum talatin. Mu da muke da ɗari uku a aji ɗaya, minti biyar ga kowa ya kama awa 25 ba tare da hutu ba, kuma kwas ɗaya kenan. Ina kuma jin tsoron ɗalibi namiji ko mace su kaɗaita da malami a kan maki babu shaida.

Dakta_Yelwa

Malama, ba kowa nake kira ba. Nakan zaɓi kashi ɗaya cikin goma ta hanyar ƙuri'a, in ƙara da waɗanda makinsu ya yi tsalle fiye da yadda na san su, kuma malamai biyu ne ke zama. Sanin cewa ana iya kiran kowa shi ne ke yin rabin aikin. Amma na yarda cewa a aji mai ɗari uku ko wannan ɗin nauyi ne.

Alaramma_Herwagana

Na karanta abin da kowa ya rubuta, kuma ina so in tunatar da mu abu biyu daga addini, domin dukkansu sun shafi wannan magana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Ma'aikacin lafiyar da ya saci amsa ya karɓi takardar shaida, gobe shi ne zai auna wa jariri magani, kuma malamin da ya yi haka shi ne za a danƙa wa yara sittin. Ha'incin bai tsaya a ɗakin jarrabawa ba, yana bin albashin da za a ci da wannan takarda. Wannan ya kamata a riƙa faɗa wa ɗalibai a fili tun ranar da suka shigo.

Na biyun kuma ga hukumar makaranta yake. A cikin Suratul Hujurat Allah ya umarce mu da nisantar yawan zato, ya kuma hana bin diddigin sirrin mutane. Tsare jarrabawa amana ce kuma wajibi ne, amma tsarin da zai leƙa ɗakin kwanan mutum, ya kuma tuhumi baiwar Allah saboda an kira salla kusa da gidanta, yana buƙatar a yi masa dogon nazari.

Dan_Kashere

Allah ya gafarta Malam, nasihar ta shiga. Ina dai roƙon a haɗa da masu kula da jarrabawar a cikin wa'azin, domin a sakandaren da na yi akwai shekarar da aka tara kuɗi a hannun iyaye da sunan taimakon yara, kuma manya ne suka rubuta amsa a allo. Yaron da aka koya wa haka yana ɗan shekara goma sha shida, da wuya kyamara ta gyara shi yana da shekara talatin.

Barista_Wunti

Doka ma ta fi tsananta wa manyan. A Dokar Maguɗin Jarrabawa ta 1999, shugaban makaranta ko malami ko mai sa ido da aka samu da laifin yana fuskantar ɗaurin shekara huɗu babu zaɓin tara. Ƙarancin gurfanarwa ne ya sa mutane suka ɗauka babu dokar.

Malam_Jekadafari

Na gode ƙwarai, 'yan'uwa, Allah ya saka da alheri. Na rubuta abubuwa da yawa da ban yi tunaninsu ba, musamman maganar Malama ta Kumo, domin a kwamitinmu na mutum bakwai babu mace ko ɗaya, kuma wannan shi ne farkon abin da zan nemi a gyara. Amma ina so in dawo da mu kan asalin damuwar, domin idan muka ce manhajar ba ta dace ba muka yi shiru, to ɗalibin Nafada yana nan da kuɗin motarsa, an gudu ba a tsira ba. Mene ne za mu ba hukuma a madadinta?

Injiniya_Bolari

Malam, shawarata ita ce a kai jarrabawar kusa da ɗalibi ba tare da an kai ta cikin ɗakinsa ba. Cibiyoyin kwamfuta da ake rubuta JAMB a cikinsu suna da na'urori da janareta da kyamarori, kuma bayan makonnin rajista da jarrabawa yawancinsu ba su da aiki mai yawa. Makarantarku tana iya hayar guda ɗaya a kowace shiyya, misali wajen Bajoga ga na arewa da wajen Kaltungo ko Billiri ga na kudu, ta sa manhajar kulle kwamfuta ta kyauta, ta tura malamai biyu da mace ɗaya mai duba fuskar mata. Za a iya ɗora jarrabawar a na'urar cikin gida ta cibiyar, yadda ko sabis ya yanke ba abin da zai tsaya. Gwaje-gwajen tsakiyar zango masu ƙaramin maki kuwa a bar su a gida bisa salon da Dakta ya bayyana.

Hajiya_Azare

Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba, Injiniya. Na yi aiki a ofishin jarrabawa na wata kwaleji tsawon shekaru, kuma na san abin da ke faruwa idan aka tura malamai biyu wani gari mai nisa inda ɗaliban manyan mutane ne, wasu ma sun girme su, wasu kuma shugabanninsu ne a wata hulɗar. Za a tarbe su da abinci, a biya musu masauki, kuma kunya kaɗai ta isa ta sa su kau da kai ko ba a ba su ko kwabo ba. Na'ura ba ta jin kunyar kowa kuma ba ta da suruki a garin. Duk aibin da aka lissafa mata gaskiya ne, amma kowa ya manta cewa tsarin da muke da shi yanzu ma yana yoyo, sabo ne kawai ya hana mu gani. Ni da za a bi tawa, a haɗa biyun, wato a yi a cibiya, amma hoton kyamarorin ya riƙa zuwa hedikwata kai tsaye, kuma ka da malami ya san garin da za a tura shi sai ana gobe.

Ummu_Hanifa

Hajiya, idan a cibiya ne ba ni da ja. Abin da nake roƙo kawai shi ne duk inda za a yi amfani da na'ura mai gane fuska, a gwada ta a kan irin fuskokinmu da irin hasken ɗakunanmu tukuna. A jarrabawata ta farko sai da na fito da fitilar caji na haska fuskata kafin ta yarda akwai mutum a gabanta.

Injiniya_Bolari

Wannan sanannen abu ne, Hajiya Ummu. A watan Disamban 2019 hukumar NIST ta Amurka, mai kula da ma'auni da fasaha, ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi wa manhajojin gane fuska masu yawa, kuma ta samu cewa da dama daga cikinsu sun fi kuskuren ɗaukar wani a matsayin wani idan fuskokin 'yan Afirka ta Yamma da ta Gabas ne. Saboda haka, Malam, ku nemi kamfanin ya ba ku gwaji kyauta da ɗalibanku na gaske, a gidajensu, da rana da kuma bayan magariba, ku ƙirga alamun da ta sa da kuma nawa ne suka tabbata laifi bayan an duba. Ko JAMB da duk ƙarfinta, a 2025 ta amince cewa tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai kusan 380,000 a Legas da Kudu maso Gabas, har ta sake musu jarrabawa, don haka ku tanadi abin da za ku yi ranar da taku na'urar ta gaza.

Baba_Tsohon_Firinsifal

Ina tare da Hajiyar Azare a kan maganar kunya, domin na gan ta da idona sau da yawa. Amma hayar cibiya da tura malamai da man janareta duk kuɗi ne, kuma na san a ƙarshe a kan ɗalibi za a ɗora. Malam, ka sa a yi lissafi a rubuce, a gwada abin da ɗalibin Dukku ke kashewa yanzu a makon jarrabawa da abin da za a ƙara masa a kuɗin makaranta idan an bi shawarar Injiniya.

Malam_Jekadafari

To Baba, zan yi hakan in sha Allahu. Na riga na tsara takardar tambayoyi da za a raba wa ɗalibai ranar Asabar, a kan kuɗin mota da masauki, da wanda ke da kwamfuta, da wanda ke da ɗakin da zai iya keɓewa. Injiniya, idan kana da hali ina so ka zo zaman kwamitinmu na mako mai zuwa ka yi musu bayanin nan da bakinka. Malama ta Kumo da Hajiyar Azare, ku ma ina neman izininku in karanta abin da kuka rubuta a gaban kwamitin, ko da yake na san shugabanmu ya fi karkata ga sayen manhajar kuma zai tambaye ni dalilin da ya sa wasu jami'o'in waje suke amfani da ita har yanzu. Wanda ke da amsar wannan tambaya ya taimaka mini da ita kafin ranar Laraba.